Tsawar likita a kan daurin 'yata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Rabi ce, mai sayar da abinci a Mile 3, Fatakwal.

Makon jiya na kai 'yata asibiti tana gudawar haƙori. Wani matashin likita mai koyon aikin yara ya tambaye ni me na ba ta. Na gaya masa gaskiya, dauri ne da kakarta ta aiko daga gida a motar albasa. Sai ya rufe ni da faɗa a gaban jama'a, wai "una wan kill this pikin", wato so muke mu kashe yarinyar. Ko abin da ke cikin daurin bai tambaya ba.

Matan unguwarmu uku suna bayana a layi. Da aka zo kansu, kowacce ta ce ba ta ba ɗanta komai ba, alhali kwalba ɗaya muka raba.

Don Allah, masu koyar da likitocin nan, ku sanar da su magungunanmu na gida, ku koya musu tambaya ba da tsawa ba. Ni na sha kunya, amma likitan ya san dauri 'yata ta sha. Yaran nan uku fa, a kan me ya rubuta musu magani?