Na Koma Sahun Baya

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ɗahiru ne daga Gawon Nama, Sakkwato.

Tun da 'yan bindiga suka ɗauke ƙanena Nasiru a hanyar kasuwar shanu, barci ya ƙaurace mini. Sai kumburin ciki ya biyo baya. Na bar wake, na bar nono, na sha kanwa, babu sauƙi. Wataƙila ni ne ban bi daidai ba.

A da ni ke jan salla idan liman ba ya nan. Yanzu iska ke karya mini alwala, na koma sahun baya, bakin ƙofa.

Maƙwabciyata Maman Rifkatu ta ce, "Malam, ba abinci ba ne, tunani ne."

Masu sauraro, yaya zan daina tunani alhali Nasiru bai dawo ba?