Na Janye Shaidata ta Bara

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Masana sun daɗe suna gardama kan abin da ke kai ɗan Adam ga halaka. Ni na gano shi: son ƙaramar allura.

Kun san ni, shekara goma sha huɗu ina koyar da ilimin halittu kafin in zo aikin ofishin kaya a filin jirgin Madina. Bara kaluluwa ta fito mini a wuya, ba zafi, ba ta kuma tafi ba. Likitar da na gani jikar Hausawa ce haifaffiyar unguwar Ƙuba ta nan Madina, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci. Ta ce hanya uku ce: siririyar allura ta zuƙo 'yan ƙwayoyi, ko allura mai kauri ta yanko silin nama, ko a cire kaluluwar ɗungurungum a ga yadda tsarinta yake. Ita ta uku ta fi so, don tana zargin limfoma, sankarar kaluluwa.

Na gyara tabarau, na yi mata lacca. Gaskiyar kuwa tsoron wuƙa nake, da tsoron tabo.

Ta juyo da Hausarta mai nauyi: "Ya ustaz, kalma ɗaya kake karantawa ka ba ɗalibi maki? Ni takardar duka nake so."

Na nace, aka yi siririyar. Sakamako ya ce abin da aka zuƙo bai isa a yanke hukunci ba. Ni malami, mai jan biro a kan kuskuren yara, na karanta "bai isa ba" na fassara "babu komai". Na rubuto muku cewa Ubangiji ya warkar da ni. Zumuntar mata ta yi waƙa. Matata ta dafa shinkafa ta raba. Kaito!

Wata bakwai ina ramewa, ina huda sabon rami a bel ɗina. Abakar, abokin aikina ɗan Chadi, ya dube ni ya ce, "Wallahi ustaz, wuyanka kaɗai ke cin abinci a jikinka. Yalla, mustashfa, mu je asibiti!" Na ƙi. In na koma asibiti, me zan ce muku?

Wata rana da azahar abokan aiki sun tafi salla, na durƙusa bayan kwalayen zamzam na alhazai. Na buɗe baki in roƙi waraka, sai na kasa, domin na riga na yi shelar na samu. Na ce, "Ya Uba, na sa sunanka a kan ƙaryata. Ka gafarta mini." Na yi kuka kamar ɗan aji ɗaya. Da na tashi, tsoron bai tafi ba, amma ya daina ba ni umarni.

Abakar ne ya kai ni. Aka cire kaluluwar duka. Limfoma ce, har suka faɗi irinta, abin da siririyar allura ba ta iya faɗa ba. Na sha magani wata shida, gashi ya zube, yanzu hoto ya nuna ta lafa. Halleluya! Ban ce na warke ba. Na koyi karatu.

Godiya ga Allah wanda ya cece ni daga ciwon da kuma bakina. Zumuntar mata, ku yafe mini waƙarku. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kuma in likita ta nemi takardar duka, ku ba ta.

Tabon kuwa, kwalar rigar aiki ta rufe shi.