Cajin Banki a Kan Kuɗin da Ban Ɗauka Ba

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Bitrus, ina koyarwa a firamare a Argungu.

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba na buɗe asusu a wani banki a Birnin Kebbi. Duk wata ina barin wani abu daga albashina, don a yi wa mahaifiyata aikin yanar ido.

Ranar da na je ɗauka, ma'aikacin ya duba ya ce, "Malam, ba ka da ko kwabo. Bankin ma na bin ka."

Aka nuna mini cak biyu da sa hannu irin nawa. An kwashe ajiyata har an zarce. A kan wannan zarcewar suka ɗora ruwa da caji, kuma da albashi ya shiga sai su yanke.

Ba zan ɓoye muku ba, ban yi addu'a ba. Ƙanena Iliya na zarga, domin a gidana yake zaune. Ya yi rantsuwa har da hawaye, na kore shi. Sujada ma na daina zuwa.

Bayan wata uku bankin ya gano cewa ma'aikacinsa ne ya yi wannan aiki, kuma ba ni kaɗai ya cuta ba. Suka mai da ajiyar, amma cajin suka ƙi. Manaja ya ce ya riga ya shiga littafi, ba shi da ikon sokewa. Kuɗin aikin ido bai cika ba ke nan.

Na koma gida ina zage-zage. Matata Rifkatu ta bari na gama, ta ce, "Maigida, kana kukan an ɗora maka laifin da ba naka ba. Iliya fa?"

Na durƙusa a tsakar ɗaki na ce, "Ya Ubangiji, ni ne mai laifi. Ka gafarta mini, ka nuna mini hanya."

Washegari na hau mota zuwa Gulma, inda Iliya yake aikin shinkafa. Na same shi cikin fadama, taɓo har gwiwa. Kafin in gama roƙo ya ce, "Yaya, ya wuce." Yabo ga Ubangiji!

A makon nan maƙwabcina Alhaji Umaru, mai fataucin albasa, ya tare ni a ƙofar gida. "Malam, mi kaka jira? Ni ma sun yi min hakanga. Kai ka iya biro, ni na san ƙofa. Rubuta muna takarda."

Mu biyar da aka cuta muka sa hannu, muka kai babban ofishin bankin a Sakkwato. Sau biyu muna zuwa ana ce mana mai dubawa ba ya nan. A na uku ya karanta, ya ce a soke cajin. Na wata ɗaya ne bai dawo ba har yau, na bar musu. An yi wa Mama aiki, ido ɗaya ya buɗe. Halleluya!

Na gode wa Allah. Ɗan'uwa, in irin wannan ta same ka, kada ka yi yadda na yi. Ka fara da durƙusawa, sannan ka tashi ka bi haƙƙinka. Ubangiji mai aminci ne, ku dogara gare shi. Amin.