Kwalaben Maigida

A rumfar mai ƙanƙara a Zongo, wata mata ta buɗe akwatin sanyi tana jera kwalabe. Wani dattijo da ke jira a bayanta ya leƙa.

"Hajiya, kamun kifi za a je ke nan?"

"Maigida ne da abokansa, Baba. A bakin ruwan Bagré za su kwana. Ya aka yi ka sani?"

"Farin nan ai da gasasshen kifi ake shan sa. Amma fitar da jan, shi sai da nama."

"Lemon inabi ne fa. Duk tafiya ni nake shirya masa."

"Shi ya ce miki lemo ne?"

"Tun aurenmu."

Dattijon ya kau da kai.

"To, ƙila idon tsufa ne."

Ta miƙa masa kwalba ɗaya. "Karanta mini rubutun jikinta."

"Ba na jin Faransanci, 'yata."

"Amma ka san wanda ake sha da kifi."

"Jin labarin mashaya giya ne kawai."

Ta daɗe tana kallon kwalbar, sannan ta rufe akwatin.

"Mai ƙanƙara, bar ƙanƙarar nan. Yau babu inda za a je."