Ganyen da ya tsiro cikin albasata

Assalamu alaikum, mai gabatar da shiri. Sunana Hajara daga Jega Magaji. Don Allah a karanta wannan, mata su ji.

Bana maigidana ya kawo takin shanu daga Kuberi, na zuba wa ɗan lambuna na bayan ɗaki. Tare da albasa sai tafasa da rama suka fito da kansu, da wani tsiro mai faɗin ganye da farin fure kamar kakaki. Mu dai mun saba, abin da taki ya fitar na ci ne. Na tsinko su duka, na haɗa kwaɗo, na zuba wa Inna, uwar mijina, na aika wa maƙwabciyata mai jego.

Kafin la'asar Inna ta fara cafkar iska tana kiran sunan mijinta da ya rasu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ke, mi kinka sa min?"

Sai na tuna da mai jego. Ko mayafi ban ɗauka ba, na ruga. Na tarar ta wanke hannu, kwano na gabanta a buɗe. Na kifar da shi.

Da muka kai Inna asibiti aka ce mai farin furen nan zaƙami ne, mai guba. Na tumɓuke shi, amma ga wasu tsirrai sun fito, masu jan fure da farin ƙaro, kuma ban san su ba. Wa zan nuna wa?

Inna ta warke, alhamdu lillahi. Amma har yau, in na kai mata tuwo, sai ta ce in fara ci.