Canji Uku a Minti na Sittin da Biyar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Wakilin mai martaba Lamiɗo, malam liman, shugaban kwamitin ƙungiyar ƙwallo ta Taurarin Binuwai, matar marigayi Inna Achta da 'ya'yanta, iyayenmu maza da mata, assalamu alaikum.

Sunana Hafsatu Ilyasu, ina tsaron baya a ƙungiyar 'yan mata. 'Yan'uwana suka ce ni zan yi magana a madadinsu. Ku yi haƙuri, ban saba tsayawa gaban manya ba.

Yau kwana arba'in da rasuwar Baba Koci, Malam Mahfuzu. Ya kasance mutumin da ya bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya a kan babur, daga unguwar Yelwa har ta Poumpoumré a nan Garoua, yana roƙon a bar mu mu buga ƙwallo. Ya kasance in la'asar ta yi sai ya busa usur, masu salla su yi salla, su Pélagie da suke Kiristoci su huta a gindin dalbejiya. Ya kasance mai faɗa, wannan ma gaskiya ne.

Na san abin da ake faɗi a gari, don haka bari in taɓo shi. Wasanmu na N'Djaména, a gasar 'yan mata ta ƙasashen yankin nan. Sai mun ci za mu wuce, kunnen doki ba zai kai mu ko'ina ba. Minti na sittin da biyar muna ɗaya da ɗaya, ya cire mu uku a lokaci guda, ni da Su'ad daga baya da Émilienne daga tsakiya, ya zuba 'yan gaba uku. Cikinsu har da Pélagie, wadda ba ta taɓa buga wasa irin wannan ba. Ƙwallonta ta farko ta daki ƙarfen raga. Bayan nan aka ci mu biyu, duka ta wurin da na bari. Uku da ɗaya. Muka tsallako gadar Kousséri muka dawo gida.

Aka ce ya kunyata Garoua a ƙasar mutane. Kwamiti ya ajiye shi a gefe. Ni kuma mako biyu ban gaishe shi ba. A littattafan soyayyar da nake karantawa, wanda ya yi ƙarfin hali a ƙarshe shi ke samun abin da yake so, sai na ɗauka wanda bai samu ba kuskure ya yi.

Shi ya zo har ƙofar gidanmu.

Ya ce, "Hafsatu, fushin bai huce ba?"

Na ce, "Baba Koci, da ka bar ni da ba a ci mu ba."

"Na yarda. Da an tashi ɗaya da ɗaya, ina za mu?"

"Gida."

"Da uku da ɗaya fa, ina muka zo?"

"Gida."

Ya ce, "Ashe motar ɗaya ce. Ni dai ban kai ku can don ku tsaya kuna gadin raga ba."

Na yi dariya ban shirya ba. Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce ya yafe mini ba, na ɗauka akwai lokaci. Wata ɗaya bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ya shugaban kwamiti, mun ji ranar Litinin za ku zauna a kan rufe ɓangaren 'yan mata. Da girmamawa muke cewa ba mu yarda ba. Mu da muka sha kashi ba mu ji kunya ba, kada a ji mana.

Iyayenmu, tun da muka dawo an janye yara bakwai, saura mu tara, kuma tara ba sa shiga fili. Baban Su'ad, ga ka can kusa da liman. Ba mu da mai buga ƙwallo da kai kamarta. Muna roƙonka ka bar ta ta dawo.

Inna Achta, mun san rashin naki ya fi namu, kuma kina takaba, ba za mu ce ki fito ba. Akwatin ƙwallaye da rigunanmu yana ɗakinsa. In kin yarda, gobe da hantsi mu zo mu gaishe ki, mu ɗauka.

Ranar Asabar bayan la'asar muna fili, da koci ko babu. In mu tara ne, za mu yi biyar da huɗu. Wanda zai sa hannu a rufe mu ranar Litinin, ya fara zuwa ya gan mu tukuna.

Mun gode da kuka saurari yarinya. Useko, kamar yadda ake godiya da Fulatanci. Allah Ya jiƙan Malam Mahfuzu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna Achta haƙuri, Ya raya abin da ya bari a gida da wanda ya bari a fili. Amin.