Katin Malamin Lissafi

A bencin asibiti, wata tsohuwa tana ƙirga da yatsu. Mutumin da ke gefenta ya kasa yin shiru.

"Iya, layi kike ƙirgawa?"

"Lambar katin mijina ce, ɗan nan, 418527. Malamin lissafi ne. Ya ce in ka haɗa alƙaluman, tara ta raba jimlar, to za ta raba lambar duka."

"Nawa kika samu?"

"Ashirin da bakwai. Ta rabu, ba ragowa."

"To ki gaya masa, zai ji daɗi."

"Takardar rasuwarsa na zo karɓa. Shekara uku yana miƙo mini katin nan in gwada, ina ce masa ina da aiki."